Za a yi mani hoton CT da allura, ga shi ɗiyata tana shan nono, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Ƙofar Ƙaura, ɗiyata watanta 4, nono zalla take sha. Ciwon gefen ciki ya matsa mani, likita ya rubuta hoton CT, wai sai an sa mani wani ruwa ta jijiya don hoton ya fito ras. Hajiyar maigidan ta ce ruwan zai ɓata nono, in ba yarinya madarar gwangwani har sati guda. Ni kuma ba ta taɓa karɓar bulumboti ba. Don Allah wadda ta sani ta taimaka.

Nas daga Daura: Wa alaikis salam, Allah ya ƙara sauƙi. Ruwan nan sinadarin aidin ne a cikinsa, ƙoda ke tace shi ya fita ta fitsari, yawanci cikin kwana guda. Abin da ke shiga nono bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a ɗan wannan ɗin ma abin da hanjin jariri ke tsotsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ki ci gaba da shayarwa. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki tatsa ki ajiye kafin ki tafi, bayan allurar ki riƙa tatsa kina zubarwa awa 12 zuwa 24. Sati guda kam, nonon ne zai janye a banza.

Maman biyu: An yi mani bara. Za ki ji zafi ya ratsa jikinki kamar kin saki fitsari, bakinki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, minti kaɗan ya wuce. Ki sha ruwa sosai. Hajiya kuwa, ki bar ɗanta ya yi mata bayani, kada ki ja da ita.

Nas daga Daura: Na manta, kin tabbata babu ciki? Mai shayarwa na iya ɗauka al'ada ba ta dawo ba. A yi gwajin fitsari tukuna. In da ciki, magana ta canza: CT na da hasken da ake kiyaye ɗan tayi daga shi, in kuma an ce a koma wani hoton daban da ake kira MRI, ruwansa, gadoliniyam, yana ratsa mabiyiya, ba a ba mai ciki sai dole. Ki faɗa masu in kina da ciwon ƙoda ko asma, ko wata allura ta taɓa tayar maki da borin jini.

Mai tambaya: Na gode Anti. Gwajin nan da safe zan yi, gabana har ya faɗi.