Karatu a Azhar ta Masar: taƙaitaccen abin da 'yan'uwa suka tattauna

An yi ittifaƙi a kan waɗannan:

1. A kai takardun makaranta Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja su buga hatimi, sannan ofishin jakadancin Masar. Suna ya zo iri ɗaya a fasfo da satifiket. Harafi guda kan tsayar da rajista.

2. Azhar kan fara da jarrabawar tantance Larabci. Wanda ya gaza sai ya zauna ajin harshe tukuna, shekarun karatunsa su ƙaru. Iyaye su sani tun daga gida.

3. Iƙama (takardar izinin zama a Masar): a fara sabunta ta tun kafin ta ƙare, don layi na da tsawo, jinkiri kuma tara ce.

4. Sanyin Alƙahira daga Disamba zuwa Fabrairu ya wuce na hunturunmu. A tanadi bargo da rigar sanyi.

Inda aka saɓa shi ne masauki. Wasu sun fifita Madinatul Bu'us, masaukin Azhar na ɗaliban ƙasashen waje, saboda sauƙin kuɗi da abinci. Wasu suka ce gara haya a unguwar Madinat Nasr, mutum huɗu ko biyar, a yi girkin gida. Masu wannan ra'ayi ma sun ja kunne: zama cikin Hausawa zalla kan hana Larabci zama a baki.