"Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa", wai dutse na dahuwa?

Ƴar Gwammaja: Jama'a don Allah maganar nan ta ishe ni, da zarar mace ta kai ƙara gida sai a ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni a ganina ma'anarta kawai ki zauna ki jira abin da ba zai taɓa yiwuwa ba.

Ɗan Jiyoloji: Anti ai dutse na dahuwa wallahi 😂 shi ne magma, narkakken dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, in ya fito waje a ce masa laba. Kuma romon kala-kala ne, silika, sinadarin da ke cikin yashi, ita ce ke raba su. Wanda ake kira basalt silikarsa wajen kashi 50 cikin ɗari ce, zafinsa na kaiwa digiri 1,200, ruwa-ruwa ne gudu yake yi, irin na dutse mai aman wuta na Kilauea a Hawai. Na dutsen Nyiragongo ma silikar ba ta kai haka ba, ya fi ruwa-ruwa, shi ya sa a 2002 ya kwararo har cikin garin Goma a Kongo.

Baban Khalifa: Kai yaro ka kawo mana lakca. Magabata ba su san wani magma ba, nufinsu abu komai taurinsa juriya na tausasa shi, kuma ga ɗan koyon sana'a ko manomi aka fi faɗinta, ba ga wanda ake zalunta ba.

Ɗan Jiyoloji: Baba a bar ni in ƙarasa mana. Akwai rayolait, silika wajen kashi 70, bai kai basalt zafi ba amma kauri gare shi kamar tuwon da aka gama tuƙawa, iskar gas da tururin da ke ciki ba sa samun hanyar fita, suna taruwa suna taruwa har ranar da dutsen zai tarwatse. Na dutsen Pinatubo na Filifin da ya fashe a 1991 mai kauri ne, irin da ake kira dasait, iskar gas ta sulfur da ya fitar sai da ta rage zafin duniya da kusan rabin digiri.

Ƴar Gwammaja: Yauwa ɗan'uwa! Ka ga mai haɗiye komai shi ke fashewa kenan.

Baban Khalifa: Wannan ƙunshe baƙin ciki ne ƴata, ba haƙuri ba, kar ku haɗa su. Mai haƙuri yana magana, gaggawa ce kawai ba ya yi.

Ƴar Gwammaja: To Baba ku faɗa wa gwaggonnina haka, su in kin buɗe baki ma cewa za su yi ba ki da haƙuri.