Neman kalmar Hausa: wutar janareta da ke shiga layin da aka kashe

Mai Shirin Rediyo: Salamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi faɗakarwa ga yaran da ke koyon jan waya a Kaduna. Ina neman Hausar backfeed, wato a kashe layi, yaro ya hau falwaya, sai wani gida ya tayar da janareta ba tare da ya raba gidansa da layin Nefa ba, wutar ta bi waya ta same shi a sama.

Ɗan Panteka: Komowar wuta.

Oga Mai Waya: A'a. A Rigasa ka ce wuta ta komo, yara ihun murna za su yi. Mu a bakin aiki wutar baya muke cewa. Kuma Hajiya, ki gaya musu taransifoma ba ruwanta da inda wuta ta fito. Yadda take sauke 11,000 zuwa 415, haka take ɗaga ta janareta idan ta shigo ta ƙasa. Kafin ka taɓa waya, ka gwada, ka ɗaura mata atin, wato wayar da ke kai wuta cikin ƙasa, ko da kai ka kashe layin da hannunka.

Malamin Hausa: Wutar baya? Bayan wa? Ni na ce aman wuta, tunda janareta ne ya amayo ta cikin layi. Sannan atin da taransifoma, wannan Hausa ce? Mun zama 'yan aro, shi ya sa ake raina harshen.

Ɗan Panteka: Ranka ya daɗe, aman wuta ai na dutse ne, a aji aka koya mana. Kuma da ka ce janareta fa?

Malamin Hausa: Wannan ta daɗe da zama 'yar gida. Larabci ma aro yake yi, amma da tsari.

Oga Mai Waya: Malam, yaron da ke kan tsani da filaya a hannu ba ya jiran tsari. Abin da zai gane nan take nake so.

Mai Shirin Rediyo: Wutar ɓarauniyar hanya fa?

Ɗan Panteka: Za a ɗauka masu satar wuta ta bayan mita kike nufi.

Mai Shirin Rediyo: To, zan tafi da wutar baya, in bi ta da bayani. Atin kuma zan ce wayar ƙasa.

Malamin Hausa: Wayar ƙasa na yarda. Ɗayar kuwa, ki dai yi don lokaci ya ƙure miki, amma ban sa hannu ba.