Iskar oksijin a kejin kifin salmon: taƙaitaccen bayanin shawarwarin masu kiwo

Abin da masu kiwon salmon a tekun Norway, Sikotilan da Chile suka fi nanatawa shi ne kada oksijin ya sauka ƙasa da miligiram 6 a kowace litar ruwa. Da ya kusanci nan, kifi ya fara ƙin abinci, girma ya tsaya.

Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai: ruwan teku a digiri 10 yana ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 15 kuwa kusan 8, alhali a lokacin ne kifin ya fi buƙata. Shi ya sa ƙarshen bazara ya fi hatsari, musamman da asuba, bayan gansakuka ta kwana tana shan iskar, da kuma sa'ar da igiyar ruwa ta lafa.

A sa na'urar awo cikin kejin, ba gefensa ba, a zurfi daban-daban kamar mita 1, 5 da 10. A riƙa goge ta, domin na'ura mai datti ƙarya take yi.

In awo ya faɗi, matakin farko shi ne dakatar da ciyarwa, tunda narkar da abinci na cin oksijin. Sai a kunna injin hura iska. Kada a tara kifi don maganin ƙwarƙwatar teku (ƙwarin da ke manne wa fatar kifi) a ranar. Ragar kejin ma a wanke ta, in ta toshe ruwa ba ya ratsawa.

An ɗan saɓa kan hura iska lokacin yaɗuwar gansakuka mai guba, irin wadda ta kashe miliyoyin kifi a kudancin Chile a 2016: tana taimakawa ne kawai in ruwan can ƙasan kejin da za ta ɗago yana da tsabta da iska.