Wasanmu na farko a gaban jama'a: gangar ƙafa ta gudu, kiɗan ma ya gudu

Bashir Ganga: Salamu alaikum 'yan zaure. Daren Asabar muka yi wasanmu na farko a gaban mutane, kuma wallahi har yanzu raina bai kwanta ba. A ɗakin gwaji komai lafiya lau. Muna hawa dandamali na daina jin gitar bes kwata-kwata, muryar mawaƙinmu kuwa sai ta je bangon ƙarshe ta dawo min a makare. Da na kalli bidiyon, waƙar da muke farawa a gudun bugu 96 a minti mun kai ta wajen 115 kafin a gama. Ga gangar ƙafa tana ta zamewa gaba, ina bin ta da ƙafa. Muna da wani wasan wata mai zuwa. Wane iyafis zan saya, ko monita, lasifikar nan da ke fuskantar mai kiɗa a dandamali, zan nemi tawa ta kaina?

Hajara Bes: Alhamdulillahi. Yau ga makaɗi ya faɗa da bakinsa cewa shi ne ya yi gudu. A ajiye wannan saƙon.

Sadik 7A: Kafet. Kafin ka sayi komai, nemi kafet.

Bashir Ganga: Anti Hajara ki bari mana, ciwon bai warke ba.

Kawu Ado: Wa alaikumus salam. Bashir ɗana, ka gode Allah da gangarka ka je. Ni a wasan farko na ƙungiyarmu an ce mana kada mu ɗauko komai, akwai cikakken saiti a wurin. Na je daga ni sai sanduna biyu a aljihun baya. Abin da na tarar: kujera ba ta hawa ba ta sauka, an ɗaure ta da waya a inda wani dogo ya bar ta. Hai-hat, farantan ƙarfen nan biyu da ake buɗewa da rufewa da ƙafa, babu maƙalinsa na sama, wanda ya buga kafin mu ya kwance abinsa ya tafi da shi, kuma gaskiyarsa ce tunda nasa ne. Sandunan farantai babu soson da ake sawa, ƙarfe kan ƙarfe. Muka lallaɓa muka fara. A waƙa ta uku kan fedar da ake takawa a buga gangar ƙafa ya fice daga mazauninsa, na taka na ji wayam. Ba makullin ganga a jikina, ba a jikin kowa. Haka na ƙarasa waƙar ina buga babbar gangar gefe da hannun dama a madadin ƙafa, mawaƙi yana waiwayowa yana hararata kamar ni na ƙera fedar. Injiniyan sauti kuwa yana can baya yana danna waya, ko sau ɗaya bai ɗago ba.

Tun ranar, ko an rantse min cewa akwai komai, ga abin da ba na bari a gida: feda, gangar tsakiya, farantai, maƙalin hai-hat, kujera idan da hali, makulli biyu, ɗaya a jaka ɗaya a jikin makullan gida, sai baƙin tef mai ƙarfi. Jakar sanduna kuma a rataye jikin gangar gefe, inda hannu zai kai ba sai ka duba ba, don sanda za ta faɗi, ba shakka a wannan. Kafet ɗin da Sadik ya faɗa, ka jera kayanka a kai a gida yadda ka saba, ka zagaye ƙafar kowane abu da tef. A wurin wasa minti kaɗan ka gama jerawa, komai yana inda jikinka ya san shi. Kuma ka fito da tsinin ƙafafun gangar, yawancinsu robar tana murɗawa baya tsinin ya fito ya kama kafet. Kujerarka ma ta hau kan kafet ɗin, nauyinka ne zai riƙe shi.

Sadik 7A: Kawu ka manta da tawul. Gumi ne ke sace sanda.

Injiniya Lawal: Kawu, da girmanka, amma kullum mu ne masu laifi. Makaɗi zai zo ana saura minti goma, ya hau duka kamar yana fushi da gangar, sannan ya ce ba ya jin kowa. Ta ina zai ji? Bashir, abin da ya same ka ba asiri ba ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. In bangon yana nesa da kai mita 20, zuwa da dawowa mita 40 ke nan, wajen kashi 12 cikin 100 na daƙiƙa. A gudun 120, wannan ya kusa tsawon ƙaramin bugu guda daga cikin huɗun da ke cikin kowane taki. In ka bi abin da ya dawo daga bango ka makara, in ka yi ƙoƙarin tsere masa ka yi gudu. Lokacin gwajin sauti ka faɗi abin da kake so a monitarka a fili: bes, murya, ɗan gangar ƙafa. Kada ka ce a sa maka kowa da kowa, hayaniya za ka samu. Kuma ku yi alama da ni tun kafin a fara, ka nuna mutum ka nuna sama, na gane.

Kawu Ado: Ban ce dukanku ba, Injiniya. Wancan na ce.

Injiniya Lawal: Wancan ɗin ma ba mu ji ta bakinsa ba.

Maryam Kibod: Ni dai kilik, ƙas-ƙas ɗin da ke riƙe maka gudun waƙa. Ka sa metronom mai ba da shi a waya, kunne ɗaya, magana ta ƙare.

Usman Tsohon Hannu: A'a, ƙanwata. Mutumin da bai saba da kilik a gwaji ba, ki ɗora masa a gaban jama'a? Mai gita zai ja gaba, kilik na ja baya, shi yana tsakiya. Ya fi daren Asabar muni. Abin da zai yi, ya rubuta gudun kowace waƙa a gefen sunanta a takardar jerin waƙoƙi, ya kalli fitilar metronom ɗin tana ƙiftawa kafin ya ƙirga, ya rera amshin a zuciyarsa, sannan ya buga sanduna. Yawancin gudun tun daga ƙirgar farko ake yin sa, zuciya na bugawa da sauri sai ka ji kamar waƙar tana jan ƙafa alhali daidai take. Ragowar kuma wajen juyi ne, duk sanda ka zagaya gangunan ka dawo ka ƙara kaɗan ba ka sani ba. Rage juyin a wasa na gaba, ba wanda zai tambaye ka su.

Maryam Kibod: Yaya Usman, ku ne kuka ce wayar salula ma ba za ta ɗore ba.

Injiniya Lawal: Kunne ɗaya ɗin nan ku daina. Ɗayan kunnen yana shan ƙarar dandamali, sai ka yi ta ƙara na cikin don ka ji. A ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata na Amurka, desibel 85 awa 8 ne iyaka, kuma duk ƙarin 3 lokacin ya rabu biyu. A 100 minti 15 ke nan. Mai zaune bayan ganga da farantai yana wuce 100 cikin sauƙi.

Nura Solo: Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar Beatles, shi ma a filin Shea na New York a 1965 bai ji komai ba, mutum sama da 55,000 suna ihu. Motsin jikin 'yan gaba yake kallo ya gane inda aka kai. Bashir kai mutum nawa ne suka zo naka?

Hajara Bes: Kar ka amsa.

Bashir Ganga: Ba zan amsa ba.

Sadik 7A: Ka sauka daga sanda mai kauri 5B zuwa siririya 5A ko 7A. Rabin rashin jin bes ɗin kai ne ka danne shi. Je ka kalli bidiyon marigayi makaɗi Tony Allen, da ƙyar hannunsa ke tashi, amma ko'ina ya cika.

Nura Solo: Sadik ko ciwon kai mutum ya kawo 7A za ka rubuta masa.

Hajara Bes: Magana ta gaskiya yanzu. Bashir, ka ce wa mai bes ɗinku ya tsaya gefen hai-hat, inda za ka ga hannunsa shi ma ya ga ƙafarka. Akwatin sautinsa ya zauna kusa da kai, ɗan baya kaɗan, a karkato shi. Masu gita ne ke son ƙwace wurin nan, kada ku yarda. Kuma in kun ji an fara gudu ku biyu za ku ja birki tare a hankali, in kai kaɗai ka taka sai a ji kamar ka ɓata. Wani abu kuma, ku yi gwaji ko sau ɗaya a jere yadda za ku tsaya a dandamali, kowa ya ba ka baya. A ɗakin gwaji zagaye kuke yi kuna kallon juna, shi ya sa ba ka san da ido kake bin su ba.

Nura Solo: Me masu gita suka yi kuma?

Hajara Bes: Me ba su yi ba?

Injiniya Lawal: Na manta. In dai sai ka saya, kai ba yawo kake yi ba, ba ruwanka da maras waya. Iyafis Shure SE215 da ƙaramin akwatin ƙara sauti Behringer P2 a ƙugu, a jawo maka layi ɗaya daga miksa. Sharaɗi, ka sanar da injiniyan tun kafin ranar, kuma ka fara da ƙarar a ƙasa, don in makirfo ya yi kuka cikin kunnenka zai yi shi.

Usman Tsohon Hannu: Kuɗin nan da kafet da abin toshe kunne ya saya da ya fi masa. Wasa na biyu ne fa.

Maryam Kibod: Ga shi nan kuma.

Kawu Ado: Af, tunda ana maganar maƙalin hai-hat. Wanda ya ari nawa a cikin zauren nan ya san kansa.

Sadik 7A: Kawu network ɗina na rawa, sai anjima.