Abin da aka tsayar a zaman Nima kan haya, magani da kwata

Bayan La'asar muka zauna a unguwar Nima da ke Akra, Ghana, kuma maganar haya ce ta cinye rabin zaman. Wani dattijo ya tuna mana cewa dokar haya ta 1963 ba ta yarda mai gida ya karɓi kuɗin gaba fiye da na wata 6 ba, amma a Akra shekara 2 ake nema ba kunya. Shawararsa: ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton tsagewar bango da wayar lantarkin da ke lilo kafin ka shiga, in mai gida ya ƙi gyara ka kai ƙara ofishin kula da haya. Wanda ya ga rushewar benen kantin Melcom a unguwar Achimota a 2012 ba zai raina tsagewa ba.

Kan magani, wata Hajiya ta ce a duba lambar rajistar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna, da ranar lalacewa, musamman na gargajiya da ake tallatawa cikin mota. Katin inshorar lafiya na NHIS kuwa, danna *929# a waya ya isa a sabunta shi.

Kwatar unguwa fa? Matasa suka ce a rubuta wa majalisar yanki, a nemi bayanin kuɗin yasarta bisa dokar samun bayanai ta 2019. Ni dai na ce a ajiye kwafin takardar, da hatimin wanda ya karɓa.