Me za mu kira rubutun da ya bar layinsa a fuskar tsohon agogo?

'Yan'uwa masu sha'awar tsofaffin agogunan hannu, ga wata kalma da nake so mu daidaita a kanta. Turawa masu tara agogo suna cewa "floating" idan wata kalma a fuskar agogo ta rabu da sauran rubutun. Fitaccen misali shi ne Rolex Daytona mai lamba 16520 da ya fito a 1988. A na farko-farkonsa, layuka huɗu suna tare a sama, sai kalmar Cosmograph, wadda ɓangare ce ta sunan agogon, ta sauko ƙasa ita kaɗai, da fili tsakaninta da su.

Wani ya ce mu kira shi "rubutu mai shawagi". Ban gamsu ba. Shawagi na tsuntsu ne da jirgi, akwai motsi a cikinsa, ita kuwa wannan kalma tana nan daram inda aka buga ta.

"Kuskuren bugu" ya fi jan hankalin mutane, amma a nan ne nake da ja sosai. Ana buga fuskar agogo ne da farantin ƙarfe da aka sassaƙa rubutun a jikinsa, a shafa tawada, wani abu mai laushi ya ɗauko ta ya danna a fuskar. Abin da ke kan farantin shi zai fito a kowace fuska da aka buga da shi. Cosmograph ɗin nan haka ya fito a agoguna masu yawa, wuri ɗaya, ba zamewar hannun ma'aikaci ba ce. Kuskure na gaskiya shi ne irin na Omega Speedmaster na wajajen 1970, inda aka buga 220 a zoben lambobin da ke kewaye da fuskar a gurbin 200. Idan muka haɗa su a suna ɗaya, mun ɓata bayanin.

Shawarata ita ce "gocaccen rubutu" ya zama sunan gaba ɗaya. Gocewa ba ta ɗora wa kowa laifi, tana nuna abu ya bar inda ido ya saba ganinsa. Za ta ɗauki lamba 6 da ke kife kamar 9 a ƙaramar da'irar sa'o'i ta wannan 16520 ɗin, ta kuma ɗauki Daytona 116520 da aka samu tazara a cikin kalmar Cosmograph, tsakanin COSMOGR da APH.

Shi kuwa "floating" kansa, mu ce "kalmar ware", daga saniyar ware. Bahaushe na ji zai gane: tana cikin garke amma ta tsaya gefe.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a kira fuskar da mai gyara ya sake wa fenti ya karkace haruffa "gocacciya". Wannan "sabon fenti" ne, kuma yana karya darajar agogo, alhali gocewar da ta fito daga masana'anta ƙara masa kuɗi take yi. Masu gyaran agogo da ke tare da mu, idan akwai sunan da kuka riga kuka saba da shi a rumfa, ku kawo shi, naku zai riga nawa.